Tukunyar da Ba a Wankewa

A ƙauyen Rafin Ɗinya, inda Maguzawa ke noman jar dawa, an yi wata mai dafa giya sunanta Gwamma, wadda ta shiga cikin randa da rana tsaka ta ɓace, ta kuma fito kafin la'asar. Ni ban taɓa kai giya bakina ba, don haka kada wani ya zo yana tambayata ɗanɗanonta. Labarin dai daga dangin kakata na ji shi, su kuwa ban ga ribar da za su ci ba in sun yi mini ƙarya.

Mijin Gwamma, Arzika, ya dawo daga gona wata Laraba ya ce kansa na sarawa. Ya kwanta a gindin rumbu, bai sake tashi ba. Shekara talatin da ɗaya suna tare. Mata suka cika gida da kuka, Gwamma kuwa ko ɗigon hawaye. Ba jarumtaka ba ce, ji kawai ta yi an kwashe duk abin da ke cikinta an bar ta fayau. Aka ba ta tuwo ta ci, aka ba ta ruwa ta sha, duk ɗaya ta ji su a baki. Hannuwanta ne kaɗai suka ƙi zama. Ana dawowa daga binne shi ta ɗauki soso da toka ta hau wanke-wanke, ƙore da ludaya da tukwane, har akushin da ba wanda ya ci a ciki. Ba ta ankara ba sai da ta kife ta ƙarshe a rana.

Ta ƙarshen nan ita ce tukunyar da ba a wankewa. Kowace mai giya tana da irinta, 'yar baƙar tukunya da guntun tsohuwar giya ke kwance a gindinta. Wannan guntun shi suke kira uwa. In an dafa sabuwa ta huce sai a zuba mata uwa, ta kwana biyu tana tsuwa tana kumfa, sannan ta zama giya. In babu uwa kuwa kunu ne kawai mai zaƙi, ko akuya ta sha ba za ta yi tangaɗi ba. Ta Gwamma tun daga kakar kakarta aka gado ta, ga shi ta wanke ta tas da toka.

A al'adar garin, ran bakwai da mutuwa ake zuba wa mamaci giyar gidansa a kan kabari. Sai ya sha yake samun ƙarfin ƙarasawa wurin kakanni. Ba a aron uwa a maƙwabta, don mamaci ba ya karɓar giyar wani gida. Wanda bai sha ba yana nan zaune a tsakiyar hanya da ƙishirwarsa, ba gaba ba baya.

Gwamma tana da busasshen tsiron dawa a ajiye. Ta niƙa, ta dama, ta dafa, ta juye a babbar randa. Randa ta yi shiru.

Ran biyar da hantsi Gagare, yayan marigayin, ya shigo da sandarsa. Ya durƙusa da ƙyar ya kara kunnensa a jikin randar, ya daɗe.

Ya ce, "Gwamma, shiru nake ji."

Ta ce, "Shiru ne, Yaya."

"Ina uwa?"

Ta nuna masa baƙar tukunya a kife a kan dutse, tana ƙyalli.

"Ke da hannunki?"

"Ni da hannuna."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi fuskarta, bai ga inda faɗan zai sauka ba. Ya ce, "In ba ta fara magana yau kafin rana ta faɗi ba, jibi ƙanena ba shi da abin sha." Ya dafa sandarsa ya fita.

Da rana ta take, Gwamma ta leƙa cikin randar ko za ta ga ƙwayar kumfa guda. Ba ta ga kumfa ba, ba ta ga kunun ba ma. Matakala ta gani ta jan yumɓu, ta miƙe ƙasa har inda ido ya gaza. Da wata ce da ta kurma ihu ta tara jama'a. Gwamma ta ɗauki baƙar tukunyarta ta ƙulle a zane, ta zura ƙafa ta shiga.

Ta sauka, ta sauka, har ta daina ƙirga matakan, sai ta faɗo wani fili da samansa ja ne launin dawa. Filin cike yake da tsiro, kowane ya fi mutum tsawo, fararen saiwoyinsa na motsi a ƙasa. Taku uku ta yi suka nannaɗe mata ƙafafu har gwiwa suka fara janta ƙasa. Ta tsaya tana kallonsu. Shekara arba'in tana juya tsiro a kan tabarma, ta san in ka fizge shi ƙara sarƙewa yake yi. Ta sunkuya ta dinga murza saiwoyin a tsakanin tafukanta, suna kakkaryewa suna zuba, har ta fita daga filin.

Gaba kaɗan ta tarar da kogi, ba na ruwa ba, na tafasasshen kunu, yana ɓalɓala yana tururi. Gada ɗaya ce a kansa, wata doguwar muciya da ke juyawa ita kaɗai ba mai riƙe da ita. Ƙasusuwan waɗanda suka zame suna tasowa suna nitsewa. Gwamma ta lura muciyar dama take juyawa, yadda kowace macen kirki ke tuƙi. Ta hau tana bin juyin da ƙafa, ba ta yi gardama da shi ba, ta haye. A ɗaya gaɓar ta duba tafin ƙafarta ta ga duk ya tashi ya yi ruwa. Ta ce a ranta, wannan ya kamata ya yi zafi. Ta ci gaba da tafiya.

Sai wani kwari cike da mutane a kwance, maza da mata, kowa da ƙwarya a ƙirji. Wani na dariya ba sauti, wani na roƙon dutse gafara, wata na kiran 'ya'yanta tana mance sunayensu. Gwamma ta san ire-irensu, ta sha korarsu daga rumfarta in sun wuce ƙa'ida. Wani dattijo ya kamo bakin zanenta ya miƙo mata ƙwaryarsa.

Ya ce, "Sha, baiwar Allah, ki daina jin komai."

Ta ce, "Ai ba na ji."

Ya dube ta da hassada ƙarara, ya sake ta.

Bayan kwarin ne ta hango Birnin Kumfa. Ganuwarsa fara ce sol, tana fashewa tana sake tasowa, duk birnin yana tsuwa. Wata siririyar hanya ta bi ta gefen ganuwar ta hau wani dogon tudu. A gindin hanyar, kan wani dutse, Arzika ne zaune da rigar da ya je gona da ita. Leɓɓansa sun tsattsage sun yi fari.

Ya ce, "Gwamma? Ke ma?"

"A'a, Maigida, da raina na zo. Nema na zo."

"To. An ɗaure jakin nan? Kin san halinsa da gonar mutane."

"An ɗaure."

Ya nuna tudun da haɓa. "Can suka ce in hau. Na gwada, ƙafafun sun ƙi. Ƙishirwa dai."

Ta tsaya tana dubansa. Ta san nan ne wurin da ya kamata ta faɗi ta yi birgima, amma ba abin da ya motsa a ƙirjinta. Ta ce masa tana zuwa, ta nufi ƙofar birni.

Mai tsaron ƙofar aljani ne dogo, kansa gora ne ba ido ba hanci, muryarsa na fitowa daga wuyan gorar. Ya gitta mashi ya ce, "Ya ke 'yar Adam mai numfashi, wa ya aiko ki ƙasar da ba a aiko kowa?"

Ta ce, "Ba wanda ya aiko ni. Mai giya ce ni, uwata ta mutu a hannuna."

Aljanin ya ja da baya kamar ta ce ta yi kisan kai. Ya ce, "Wannan shari'ar ta fi ƙarfin ƙofa. Biyo ni gaban Magajiyar Tsami, wadda ta ba matan duniya uwa ta farko."

Magajiya tana zaune a cikin wata tukunya da ta kai girman rumbu, rabin jikinta a ciki rabi a waje. Gashin kanta farar kumfa ce da ke gangarowa kafaɗunta ba ta ƙarewa. Gwamma ta durƙusa ta gaishe ta, ta kwance zane ta ajiye baƙar tukunya. Magajiya ta ɗauka ta sansana.

Ta ce, "Toka. Mata huɗu suka riƙe mini amanar nan, ta biyar ta sa mata toka. Ya ke Gwamma, kafin in saurari roƙonki sai na san ko kin san abin da kike dafawa. Mece ce giya?"

Gwamma ta ce, "Ranki ya daɗe, hatsi ne da aka yaudara. Mu jiƙa dawa ta zaci damina ce, ta tsiro, ta saki zaƙin da ta ɓoye wa 'ya'yanta. Sai mu shanya ta mu niƙa mu dafa. Uwa ta zo ta cinye zaƙin, ta bar kumfa da wani abu mai ɗumi da ke hawa kai. Duk abin da ke da zaƙi, in uwa ta same shi, haka yake komawa."

"Kin faɗi daidai. Saura baki."

Ta tafa hannu, aka jera wa Gwamma ƙore huɗu da wani abu a lulluɓe. Magajiya ta ce, "Ki faɗi sunan kowace da asalinta. In kika kuskure ɗaya, akwai wurinki a kwarin da kika wuto."

Gwamma ta ɗauki ta farko ta kurɓa. Ruwa. Ta sake kurɓa ta juya a baki, ruwa dai. Ta ajiye ta ce, "Ranki ya daɗe, ba zan ɓoye miki ba, bakina ya mutu kwana biyar ke nan."

Magajiya ta ce, "Ba ni na kashe shi ba. Ki yi da abin da ya rage miki."

Gwamma ta kai ƙwaryar kunnenta, ta ji tana tsuwa ƙasa-ƙasa. Ta tsoma yatsa ta murza ta ji gari-gari. Ta ce, "Burukutu ce, ta jar dawa. Sau biyu ta ga wuta, an bar ta ta yi tsami a tsakani, ba a tace ta sosai ba. Tana cika ciki, shi ya sa ba a gayyar noma a garinmu sai da ita."

Ta biyu ta karkata ta wajen haske, ta hango gindin ƙwaryar ta cikinta. "Pito ce. 'Yar'uwar waccan ce, amma an bar ta ta kwanta an tsiyaye, an tace. Ta fi ta sauƙi a wuya, kuma nan take yaudarar mutane."

Ta uku fara ce kamar tsala, ƙudan zuma biyu na zagaya bakinta. "Wannan ba ta taɓa ganin murhu ba. Bammi ne, ruwan itace da ake tara wa gora a sama. Da safe zaƙi, kafin yamma ya yi tsami ya fara faɗa. Na yau ne, tunda zuma ba su rabu da shi ba."

Ta huɗu garau take, shiru, ba kumfa ba launi. Wasu aljanu da ke tsaye a gefen Magajiya suka fara murmushi. Gwamma ta ɗiga ɗigo a bayan hannunta, ya yi sanyi ya ɓace nan take. Ta roƙi a ba ta itace mai wuta, ta kanga a bakin ƙwaryar, sai shuɗin harshen wuta ya tashi a kai. Ta ce, "Ogogoro. An dafa bammi an kama tururinsa ya koma ruwa. Barasa ce tsantsa, ba uwar da za ta rayu a cikinta. Na san maza biyu da ta kai ƙasa."

Aka yaye lulluɓin abu na biyar, sai ga kwalabe biyu suna zufar sanyi, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya baƙa wuluk. Gwamma ba ta taɓa dafa irinsu ba, a kasuwa kawai take ganinsu. Ta buɗe ta ji sun yi huci sau ɗaya sun yi shiru. Ta ce, "Giyar kamfani ce. An ce da sha'ir ake yinta da wani ganye mai ɗaci. Baƙar nan tsironta aka gasa har ya kusa ƙonewa, launin ƙanzo ne, na san shi. Amma an tace uwar an fitar kafin a toshe su. Ko shekara suka yi a tukunyata ba za su haifi komai ba."

Magajiya ta gyaɗa kai, kumfa ta zubo. Ta ce, "Hannunki da kunnenki sun fanshi bakinki. Saura tambaya ɗaya, ita kuma ba a amsa ta da sana'a. Mace mai sanin nan duka, tukunyar nan, da kuskure kika wanke ta?"

Gwamma ta ce, "Hannuna ne ya yi."

"Hannun wa?"

Gwamma ta dubi hannuwanta. Ta ce, "Ban sani ba, ranki ya daɗe. Na dai san in ya sha zai tafi."

Magajiya ta ce, "To, ga biyu, ki ɗauki ɗaya. Ki bar mini tukunyar nan a wanke, ni kuma in bar miki matakala a buɗe. Kullum rana ta take ki sauko ki zauna da mijinki a bakin ƙofa, ku yi hira har ki tsufa. Ba zai tafi ba, ba zai kuma sha ba. Ko kuwa in cika miki ita, ki hau, hanya ta rufe a bayanki har abada."

Gwamma ta nemi izini ta fita. Ta je ta zauna a gefen dutsen, kafaɗarta na taɓa tasa. Ta gaya masa duk yadda aka yi, har wankin tukunyar, ba ta rage komai ba. Arzika bai yi faɗa ba, shi dama ba ya yi.

Ya ce, "In kin ga mu zauna, mu zauna. Ni ba sauri nake ba."

Suka zauna. Ya fara ba ta labarin inda ya ɓoye irin gero a rufin ɗaki, sai maganar ta maƙale. Ya yi ƙoƙarin haɗiyar yawu, ba yawun. Ta ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka a banza, ya lashi leɓe da busasshen harshe, ya yi mata murmushi don kada ta lura, leɓen ya ƙara tsagewa. Shekara talatin da ɗaya, bai taɓa shigowa daga gona ya kai ga zama ba ta miƙa masa ruwa ba. Ba wani abu ta ji a zuciya ba. Ta dai ga mutum yana jin ƙishirwa, ita kuma tana zaune.

Ta tashi ta koma ciki, ta miƙa tukunyar da hannu biyu. Magajiya ta kamo gashin kanta ta matse a ciki har ya rufe gindin. Ta ce, "Ki manna ta a jikinki. Uwa ba ta son sanyi, ba ta son ƙuna, ɗumin mai rai take so."

Da ta fito Arzika ya dubi ƙullin da ke cikinta, ya gane.

Ta ce, "Jibi da hantsi."

Ya ce, "To. Kada dai ki cika wa giyar ruwa, ba ta sayarwa ba ce."

Ta wuce ba ta waiwaya ba. Ta ratsa kwarin, ta haye muciya a duƙe tana kare tukunyar daga tururi, ta murje tsiron da hannu ɗaya. Kowane mataki ta taka sai ya narke a bayanta. Ta fito daga randa inuwar rumbu ba ta ko kai bakin zaure ba. Ta waiga ta ga kunu cike har wuya. Ta juye uwa a ciki ta rufe da faifai ta zauna.

Kafin rana ta faɗi randa ta fara magana. Gagare ya zo ya kara kunne, ya ɗago ya dubi ƙafafunta da suka sale, ya dubi baƙar tukunya. Ya dafa sandarsa ya tashi.

Ran bakwai da hantsi dangi suka taru a bakin kabari. Gwamma ta ɗebo ƙwaryar farko ta kurɓa, yadda mai giya ke yi kafin kowa ya sha, ta miƙa wa Gagare. Ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya, ya tsiyaye ta wajen kai. Ƙasa ta zuƙe ta nan take, ko danshi bai saura ba.

Gagare ya ce, "Ya sha. Shi ke nan, ƙwarya ɗaya ake yi."

Gwamma ta karɓi ƙwaryar daga hannunsa. Ta ce, "Kwana bakwai bai sa komai a bakinsa ba, Yaya."

Ta cika ta zuba, ƙasa ta shanye. Ta sake cikawa ta zuba, ƙasa ta sha a hankali, irin shan wanda ya fara ƙoshi. Mata suka fara duban juna, amma ba wanda ya hana ta. Ta cika ta huɗu ta zuba.

Ta huɗun ta tsaya a kan ƙasa. Ta taru ta yi ɗan tafki, kumfa na yawo a kai, ta fara gangarowa gefen kabarin tana neman hanya. Gwamma ta durƙusa ta tare ta da tafin hannu tana mayar da ita wajen kai, tana jira. Ba mai sha.

Nan ne, a gaban yayansa da dangi duka, ta kira sunan da kunya ba ta taɓa barin ta faɗa ba tun ranar da aka kawo ta gidan.

Ta ce, "Arzika."

Ta saurara. Ta sake kira, da ƙarfi wannan karon, muryar ta karye a tsakiya.